Kusu, gafiya da kurege cikin garka: yadda za a rage su ba a kashe bisashe ba

Ƴan'uwa makiyaya da manoma masu kiwo, a wanga karo za mu yi magana bisa masu gina rami cikin garka. Wani zai ce mi ya haɗa malamin dabbobi da kusu, ai wannan aikin malaman gona ne. Abin da ya haɗa mu shi ne guba. Duk shekara, daga watan 12 zuwa watan 4, lokacin da garake ke cike da kaya, ana kawo ma ma'aikatan kiwo awaki da kaji da karnukan da sunka ci maganin da anka zuba ma kusu. Da dama ba su isowa da rai. Mai garka ya so ya tsare tumatir ɗinshi, sai ga shi ya kashe akuyar maƙwabci, ko tashi ta kanshi, kuma bayan sati uku kusu ya komo kamar ba a yi komi ba.

Tun bayan farin 1984, da gwamnati ta matsa ma jama'a su kama noman rani, garake sun yawaita cikin Adar: fadamar Tadis nan kusa da Tawa, bakin tabkin Tabalak, Tamaske, Kaita, Ibohaman. Mutane da yawa da a da ba su san komi ba sai sanda da garke, yau suna da fangalin albasa ko na dankali. Garka da turke sun zama maƙwabta. Shi ya sa abin da anka ajiye cikin garka yakan ƙare cikin tumbin bisa.

Wa ya gina ramin?

Littattafan Turawa da munka karanta a lekol suna maganar wasu dabbobi da ke zama ƙarƙashin ƙasa kullum, suna tura ƙasa sama tsibi-tsibi cikin lambunan Faransa da Amurka. Waɗannan babu su a ƙasarmu. Namu masu ramin suna fitowa waje su ci, kuma wannan shi ne sauƙin da Allah ya yi mana, don mai fitowa ana iya tare shi.

Na farko shi ne kusun garka, mai gashi toka-toka da ɗan ja, wanda ke yawo da rana tsaka, musamman da hantsi da la'asar. In kun duba gindin shinge za ku ga ƴan hanyoyinshi cikin haki, sumul, faɗin yatsa uku. Shi ne ke yanke dashe, ya huda tumatir da kankana, ya ci masara da alkama tun suna tsaye. Albasa ba ta cikin abin da ya fi so, amma yana gina rami a bakin hanyar ruwa, ruwan da kunka sayi mai kunka jawo ya bi ramin ya tafi. In ƙishirwa ta kama shi har tiyo yake hudawa.

Akwai kusun dare, wanda ke kai da komo tsakanin garka da gida da rumbu. Macen tana da nono tsakanin 16 da 24, cikinta kwana 23 ne, kuma haihuwa guda tana zuba ɗiya goma ko sha biyu. Ɗiyan kuma wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Ku yi lissafi da kanku daga kaka zuwa bazara. Akwai kuma ƙaramin nan na jigawa, mai farin ciki da dogayen ƙafafun baya, wanda ke tone hatsin da anka shuka farkon damana. Shi matsalar gonar tudu ne, ba mu tsaya kanshi ba yau.

Gafiya kowa ya san ta. Babba tana kai kilo guda har da rabi. Da dare take fita, tana cusa abinci cikin kumatunta ta kai rami ta tara. Daga nan ne Hausawa sunka samo «gafiya tsira da na bakinki». Tana son tsohon shuri, gindin itace da bakin tsohuwar rijiya. Rogo da dankali su ne nata. Hancinta kuwa abin mamaki ne: a Tanzaniya ana horar da danginta suna shinshino nakiyoyin da anka binne lokacin yaƙi. Kurege shi da rana yake aiki, ya tone gujiya da iri, ya ci rogo, in ya gan ka ya miƙe tsaye ya dube ka kafin ya faɗa rami. Ramukanshi a bakin burtali su ne ke gurɗe ƙafar jaki ko doki mai gudu.

Sai biyu da ake kashewa a banza. Jaba, mai dogon baki da wari, ba kusu ba ce, ƙwari take ci. Bushiya ma haka. Ku bar su.

Kafin a yi komi, a san ramin da ke da rai. Da marece ku bi garka ku toshe duk ramin da kunka gani da ƙasa, ku taka da ƙafa. Da safe wanda anka buɗe shi ne mai mai-gida ciki. Sau da yawa cikin rami ashirin kaɗan ne ke buɗewa, sauran kangaye ne. Kuma kada yaro ko babba ya tura hannu cikin rami: kububuwa da kasa da kunama suna son gidan da wani ya gina.

Domi suke yawa wata shekara?

Tsofaffi sun tuna shekarun kusu. Bayan babban farin 1973 an yi su a 1975 da 1976, bayan na 1984 kuma sunka sake ɓarkewa a 1986 da 1987 cikin ƙasashen Sahel da dama, daga Senegal har Sudan. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Fari yana rage masu cin kusu. In ruwa ya komo, haki ya yi, iri ya zuba, kusu ya fi kowa saurin haihuwa, masu cin shi ba su cim mashi ba tukuna. Don haka shekarar da damana ta yi kyau bayan shekara mai wuya, ita ce shekarar da ya kamata a shirya tun kaka. In daji ya bushe cikin ɗari, duk abin da anka haifa can zai gangaro inda ke da ɗanyen ganye da ruwa, wato garkarku.

Gidan kusu mu ke gina mashi

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne rabin maganin yake, kuma ba a biyan ko dala.

Kusun garka matsoraci ne. Ba ya son ƙetare fili tsirara, don shaho da shirwa suna sama. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne mafaka kusa da abinci. Mafakar kuwa mu makiyaya mun fi kowa tara ta. Shingen ƙaya da anka yi shekara uku ana ɗora sabo bisa tsoho, iska ta cika gindinshi da haki da rairayi: wannan birni ne. Damin harawa da karan dawa da anka jingina cikin kusurwar garka don «nan ne bisashe ba su kai»: wannan ɗakin haihuwa ne. Buhun dussa ko na angurya cikin bukkar mai gadi: wannan rumbu ne. Mutum ya tara ma baƙo gida da abinci da ruwa, sa'an nan ya tafi kasuwa neman abin kashe shi.

Ba mu ce a bar shinge ba. Garka ba shinge faɗa ne da mai akuya. Amma tun watan 10, kafin a yafa iri, a ɗaga tsohuwar ƙaya, a share gindin, a tone ramukan da ke ƙarƙashi, a mayar da ƙayar da ke da sauran ƙarfi. Tsakanin shinge da fangalin farko a bar fili kamar taki biyu ko uku, a riƙa nome shi ƙal duk tsawon rani. Na san ƙasar fadama tana da tsada, mutum ba ya son barin ko taki guda ba shuka. Amma ku duba da kyau: layin farko na bakin shinge shi ne wanda kusu ke cinyewa ko da ma. Wanda ke da halin waya ya huta da wannan, sai dai ita ma in an bar haki ya cika gindinta, ta koma shingen ƙaya.

Harawa da kara su hau bisa: kan rumfa, kan soro, ko cikin rassan itace kamar yadda iyayenmu ke yi, kuma nesa da garka. Ƙafafun rumfa a naɗa musu guntun kwano mai santsi, tsawon kamu biyu, kusu ba ya iya hawa. Buhunan dussa a ɗora su bisa itace, kada su taɓa bango. Wannan ba don asarar abinci kaɗai ba ne. Fitsarin kusu yana ɗauke da ciwo. A 2015 masu bincike na Nijar da na Faransa sun bayyana cewa sun samu ƙwayar ciwon da ake kira leptospiroz cikin kusun garka da gafiya na garaken Yamai, alhali ba su same ta cikin kusan gidaje ba. Ƙwayar tana rayuwa cikin ruwa mai kwanciya da laka, tana shiga ta rauni ko ta baki. Ga mutum tana kawo zazzaɓi da shawara. Ga saniya tana sa ɓari da ƙafewar nono, maraƙi kuma ya yi jan fitsari. Duk inda ruwa da kusu da bisashe sunka haɗu wuri guda, a yi hattara: kwamin shayarwa a zubar da kwanan ruwa a wanke, mushen kusu in ya faɗa rijiya a fidda shi a kwashe ruwan kafin a shayar. Kusun dare kuma shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lasa, wanda anka fara ganewa a 1969 cikin jihar Borno, kuma yana tashi a Najeriya da rani. Abincin mutane a rufe shi.

Sai masu taimakonmu da muke kora. Mujiya guda tana cin kusu uku ko huɗu a dare. Mu kuwa in ta yi kuka bisa soro sai jifa, wai mugun tsuntsu ce. Ni dai ban ga mugun abin da ta yi ma mai garka ba. Shaho, yanyawa, damo, mussa da karen gida duk suna rage su. Ku kafa doguwar sanda mai gicciye biyu ko uku cikin garka, tsuntsu ya samu wurin sauka ya yi gadi.

Tarko, ruwa da hauya

Tarkon da malaman gona ke kira tarkon Kornaka ba ya buƙatar komi daga kanti. A binne tsohon tulu ko tukunya mai zurfi, ko bidon da anka yanke ma kai, bakin ya yi daidai da ƙasa. A zuba ruwa zuwa rabi, a barbaɗa ƙaiƙayi bisa ruwan har ya rufe shi, a ɗan zuba dussa kewaye da baki. Kusu ya ga kamar ƙasa ce, ya faɗa, santsi ya hana shi fita. A jera su bisa hanyoyin nan na gindin shinge, kowane taki goma ko sha biyar. A duba duk safiya, a kwashe, a sake ruwa in ya fara wari. A gitta ƴan sanduna bisa bakin saboda ƴan tsaki da ƙananan yara.

Gafiya ta fi ƙarfin tukunya. Ita sai tarkon ƙarfe na maƙera, ko tono. Tarkon ƙarfe a ɗana shi da magariba cikin bakin rami, a ɗaure shi ga turke, a kwance shi da asuba. Wanda anka bari da rana ƙafar ɗan akuya yake kamawa. Kurege kuma da zarge a bakin rami, da kare.

Mai injin ban-ruwa yana iya cika rami da ruwa, yara da karnuka suna tsaye da sanduna. A ƙasar laka abin yana ci, a rairayi ɓarnar mai ce. Amma kada a yi haka jikin madatsar ruwa. Gine-ginen tare ruwa da anka yi cikin Adar, musamman tun da aikin Kaita ya fara a 1984, da yawansu ƙasa ce anka daddaɓe. Ramin gafiya ko kurege jikin irin wanga gini hanya ce da ruwan damana zai bi ya faɗaɗa. Nan sai a tone ramin har ƙarshe, a cika da laka mai danshi, a daɓe.

Hayaƙi kuwa, wanda samari ke yi ma gafiya, muna roƙo a bar shi a duk inda ke kusa da makiyaya. Wutar da anka hura don nama guda tana iya cinye hakin da garke ɗari za su ci har bazara. Mutanen Abalak da Cintabaradan sun san abin da wutar daji ke yi.

Duk waɗanga dubaru, mutum guda ba ya cin ribarsu. In ka share taka garka maƙwabcinka bai share ba, nashi za su cike gurbin naka. A sa rana, fadama gaba ɗaya, ta bakin mai gari ko shugaban ƙungiyar masu garka, a yi kafin dashe, a sake cikin tsakiyar ɗari.

In dole sai magani

Wata shekara abin yana fin ƙarfin tarko. To a nan a je wurin malamin kare tsirrai na ma'aikatar gona, ba wurin mai tebur na kasuwa ba. Abin da ake saidawa cikin leda ba suna ba takarda, ba wanda ya san mi ke ciki, kuma in bisa ta ci mu ma ba mu san allurar da za mu yi ba.

Maganin kusu iri biyu ne. Akwai mai saurin kisa, baƙin gari mai warin tafarnuwa, fosfur na zinki. In ya haɗu da tsamin ciki yana sakin iska mai guba. Ba ya da makari. Kusu kuma yana da wayo: wanda ya ɗanɗana bai mutu ba, ba ya ƙara kusantar abincin, shi ya sa karo na biyu ba ya ci kamar na farko. Akwai kuma mai tsinka jini, wanda yakan zo da launin shuɗi ko ja, ƙwaya-ƙwaya ko dunƙule. Shi sai bayan kwana uku zuwa bakwai yake kisa.

Sauran abubuwan da mutane ke haɗawa da dussa ba maganin kusu ba ne sam. Piya-piya maganin ƙwari ne. Furadan kuwa ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, sun hana shi tun 2015, amma har yanzu yana shigowa ta kan iyaka. Kaza ta tsinci ƴan ƙwayoyi kaɗan ta mutu, kare ya ci kazar ya mutu, angulu ya ci karen ya mutu. Ƙwayar nan ta buhun wake da wasu ke jefawa cikin rami, iska mai kisa take saki in ta ji danshi. Rami kuwa ba ka san inda ya ɓulla ba. In ƙarƙashin ɗakin kwana ne ko garken ƴan raguna, sai dai a wayi gari da kuka.

In malamin gona ya ba ku maganin da doka ta yarda da shi, kada a watsa shi a fili. A sa shi cikin guntun tiyo mai faɗi ko ƙarƙashin fasasshen tulu mai ƴar ƙofa, a danne da dutse, yadda bakin akuya da na kaza ba su kai. A ƙidaya wurare nawa anka ajiye, don a ƙidaya su wurin kwashewa. A shaida ma maƙwabta, da makiyayan da ke sauka kusa, da mata masu sakin awaki. Mushen kusu a tsince shi duk safiya da leda a hannu, a binne cikin rami mai zurfin kamu biyu ko fi, nesa da rijiya.

Abu biyu ake mantawa. Na ɗaya, yara masu farautar gafiya da kurege. Wanda ya ci mai tsinka jini yakan yi sanyi, ya fito da rana yana tangaɗi, shi ne mafi sauƙin kamu, kuma gubar tana cikin hantarshi. Duk fadamar da anka sa magani, a hana yara cin naman rami har ƙarshen rani. Na biyu, ranar sakin bisashe. Cikin watan 3 da na 4, in an cire albasa an kwashe kaya, ana buɗe garka tumaki da awaki su ci saura. Abincin guba da anka manta gindin shinge tun watan 1 yana nan da ƙarfinshi. Mafi yawan awakin da ake kawo mana lokacin nan ne. Sa'an nan magana ta kai gaban mai gari ko kwamitin ƙasa, ana biyan akuya da kuɗin buhun albasa.

In bisa ta ci

Mai saurin kisa yana nuna kanshi cikin ƴan awoyi: kumburin ciki, dalala, numfashi da ƙyar, tangaɗi, shure-shure, bakin yana warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. A fidda bisar waje inda iska ke kaɗawa, kada a sunkuya bisa bakinta ko bisa aman kare, don iskar tana kama mutum. Kada a ɗura mata tsamiya ko lemun tsami ko nono mai tsami, tsami ƙara tada gubar yake. Bisar da ke tangaɗi ma ba a yi mata ɗure ko na mi ne, yana bin huhu.

In piya-piya ne ko Furadan, za ku ga dalala kamar an buɗe famfo, zawo, jiki yana rawa, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Wannan yana da allura, atropin, kuma tana aiki ƙwarai in an zo da wuri. Awa guda tana raba rai da mutuwa, don haka a kira malamin dabbobi ta salula tun ana hanya.

Mai tsinka jini shi ne mai ruɗi, don ranar da bisa ta ci ba a ganin komi. Bayan kwana uku ko biyar sai kasala, dasashi da cikin ido su yi fari, haɓo, jini cikin kashi ko fitsari, kumburi ƙarƙashin fata. Makarinshi bitamin K1 ne, kuma ba allura guda ba ce, magani ne na sati uku zuwa huɗu. Wanda ya ga bisarshi ta ci, kada ya jira alama. A bar ta ta huta, ba kora, ba duka, ba sakiya ko tsaga.

Bisar da guba ta kama, ko an samu yanka ta kafin ta cika, ba a cin namanta, ba a kai ma mahauta, ba a jefa ma karnuka. A binne. Nonon wadda ta tashi kuma a zubar da shi har sai malamin dabbobi ya ce a sha. In za ku zo, ku taho da ledar maganin ko kwalinshi ko sauran abincin da anka haɗa, a ƙulle cikin wata leda, ku kuma faɗa mana ranar da anka ajiye shi da bisashe nawa sunka shiga wurin, don waɗanda ba su nuna komi ba tukuna su ma a duba su.